Ranar da Na Yi wa Ordinatar Baba Formate

Ƴan uwa masu bibiyata, ku gyara zama, yau bakina cike yake da magana, in ban amayar ba ƙirjina zai tsage. Wadda yau ta fara leƙo mu, sannu da zuwa. Sunana Ruma'isa, ƴar farin Malam Wakili na Magarya, mai shagon buga takardun nan mai koriyar ƙofa da ke kan hanyar meri, wato ofishin magajin gari. Shekarata ashirin da shida. Ƙanwata Sa'a da na goya a bayana, yau ita ma goyo take yi, ni kuwa ina nan zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, kamar tare aka haife mu.

Kada wata ta fara tausaya mini wai na rasa mashinshini. Ina da Hanif. Dogo ne, baƙi, mai ƴar wushirya, shi ke kula da ordinatocin gidan likita a Dungas. Ranar da ya fara shigowa shagonmu fotokofi ce ta kawo shi, ya tarar ina zagin allo kamar mai faɗa da mutum. Ya tsaya yana ta dariya, har na ce masa in dariya ya zo saye, to ta ƙare, ya leƙa gaba. Tun daga ranar bai daina zuwa ba. Gidanmu sun san shi, sun yaba hankalinsa, an kawo gaisuwar iyaye an karɓa. Abu ɗaya ya rage, a sa rana. To, a nan gizo ke saƙar.

Sau biyu baffansa Malam Illo yana saɓa babbar riga ya taso tun daga Dungas don a tsayar da magana. Sau biyu Baba yana tarbarsa da fura da farfesun kaza, a ci a sha, sannan ya ce, "Ai yarinya taku ce, Malam Illo. Sai dai a ɗan dakata, mu ga yadda za a yi da shago."

Shago! Bari in faɗa muku yadda shagon nan ya zame mini ƙarfen ƙafa, don kada ku zagar mini uba. Baba ya daɗe da ajiye aiki a meri, idonsa ya yi rauni, shanunmu da ke wajen dangi a Sassumbrum kuma sun ragu ƙwarai. Tukunyar gidanmu daga shagon nan take tafasa. Shagon kuwa ba komai ba ne illa ordinatar guda da tsohon injin bugawa. Kawu Gajere, ƙanin Innata, ɗan kasuwa mai kai-komo tsakanin nan da Kano, shi ya sayo ta gwanjo. Fanko ta zo, ko sunana ba ta iya rubutawa daidai ba.

Ni na raine ta. Ni na koya mata fitar da baƙaƙen Hausa da lanƙwasarsu. Ni na sa mata kyakkyawan rubutun Larabci na Bisimilla da ake ɗorawa saman kati, da furanni da zobba na katin biki iri-iri, da tsarin takardar neman aiki, da abin yanka hoton katin ɗan ƙasa daidai yadda ake so. Injin bugawar nan kuwa tsoho ne mai taurin kai, ba ya jin maganar kowace ordinatar sai an sa mata wani ɗan shiri da na sha baƙar wuya kafin in samo shi. Duk wannan tarkacen da ke zaune a cikinta, shi ake ce wa sistem, kuma a duk Magarya babu mai irin nawa.

Sai dai akwai kile, ɗan abin nan da mutane ke ɗauko takardunsu a ciki a soka wa ordinatar. Ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, ya zo da nasa, mushe malaminsa ya zo da nasa, mai neman aiki ya zo da wanda ya aro. Kilen ya zaga gari ya kwaso birus, cutar nan ta ordinatar, ya zo ya juye mana. Rana ɗaya kina kunna ta sai ta tsaya ƙiƙam. Daga nan sai in zauna in sake haɗa komai tun daga tushe, kwana da kwanaki, shago a rufe, Baba yana safa da marwa a bakin ƙofa da carbi a hannu. Ba wanda ya san abin da ake sawa kafin wani sai ni, ni ɗin ma wani lokaci lalube nake. Shi ya sa duk lokacin da aka ce aure, abin da Baba ke hangowa shi ne ranar da za ta tsaya ina Dungas.

Za ku ce me ya hana in zauna da shi in yi masa bayani. Hmm. Wadda ba ƴar fari ba ce ba za ta gane ba. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba. Ko ina tsaye gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mai shago ta rufe da wuri." Inna ma haka, sai ma abin da ya yi gaba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita na tashi. Bakina a gidan nan guda ne, Gwaggo Ɗela, yayar Baba, wadda ta yaye ni. Abin da Gwaggo ba ta faɗa ba, to ban faɗa ba.

Ran nan ina cikin yanka hotuna wayata ta yi ƙara. Bokal ne, saƙon murya, daga Hanif. Na sa a kunne, na ji muryarsa babu wasan nan da ya saba.

"Ruma, Baffa ya ce Lahadin sama zai zo. Amma ya ce in gaya miki wannan ne na uku, kuma rigarsa ba ta zuwa gida ɗaya sau huɗu. In aka sake cewa a dakata, ya ɗauka an hana mu ne cikin mutunci."

Almakashin ya faɗi daga hannuna. Na rubuta masa, "To kai me ka ce?"

"Me zan ce? Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina."

"Wato shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Share hawayen, na san kin fara."

"Wa ya ce maka kuka nake?"

"Rubutunki ya gajarce."

Allah ya shirye shi, ya san ni kamar yunwar cikinsa. Sai ga wani bokal mai tsawo, na shige bayan labule na saurara. Ya ce akwai abin da suke yi a wurin aikinsu, imaj sunansa. Ana ɗaukar sistem gaba ɗayansa yadda yake ranar da yake da lafiya, da rubutunsa da furanninsa da shirin injin bugawa, a kwafe shi cak a cikin babban kile guda. In ordinatar ta tsaya, ba sai an sake haɗa komai ɗaya bayan ɗaya ba. A soka kilen, a kunna, a danna abu biyu uku, kafin a gama shan shayi ta dawo yadda take ranar da aka kwafe ta.

Na rubuta, "Ko wanda bai iya ba zai iya?"

"Ko Husaini."

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Husaini ƙanena ne mai bi mini, ƙato da gemunsa, ɗan kabu-kabu. Tsakaninsa da ordinatar sai harara.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba tuntuni?"

"Na ɗauka Baba uzuri kawai yake nema. Yanzu na gane da gaske tsoro yake ji."

Washegari wani ɗan moto, wato mai babur, ya kawo mini saƙo daga Dungas, kwalin turare an naɗe shi da leda mai ƙyalli. Na buɗe ina murna, sai ga baƙin kile kwance cikin auduga. Jama'a, ƴan mata ana aiko musu atamfa da leshi, ni Ruma'isa kile ake aiko mini! Amma wallahi na daɗe ina juya shi a tafin hannuna, ban taɓa samun kyautar da ta kai shi ba.

Aikin ba a yin shi da garaje. Hanif ya ce duk abin da ke cikin ordinatar lokacin kwafa, mai kyau da marar kyau, da shi za ta riƙa dawowa har abada, don haka sai na yi mata wanka tukuna. Na share takardun mutane da suka taru. Na kwashe hotunana da na ƙawayena na mayar waya, don ban shirya Husaini ya gan ni da kitson sallar bara ba. Na bi ta lungu-lungu ina farautar birus. Na gwada injin bugawa, na gwada Bisimilla, na gwada furanni. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, gari ya yi tsit, na ja ƙofa na saka sakata. Na soka kilen, na kunna, na danna maɓallin da ya ce in danna tun kafin ta gama farkawa. Wani shuɗin allo ya fito wanda ban taɓa gani ba. Na ɗauki hotonsa na tura masa.

"Zaɓi na sama. Daga diski, wato cikin ordinatar, zuwa imaj. Ki kula, Ruma, kada ki juya su. In kika juya, fankon kilen ne zai hau kan sistem ɗinki ya shafe shi."

"Kana so zuciyata ta tsaya ne?"

"Ina so ki karanta sau biyu."

Na karanta sau biyar. Na yi Bisimilla na danna. Wani siririn layi ya fara tafiya a hankali, ni kuwa ina zaune cikin zafi, gumi yana bin bayana ta cikin hijabi, ko fanka ban kunna ba don kada in ja wa kaina tsautsayi. Layin ya wuce rabi, na fara sakin jiki, har ina tunanin kalar labulen da zan sa a ɗakina na Dungas. Ɗif! Aka ɗauke kuran, wutar lantarki ta tafi.

Ba zan maimaita muku abin da na faɗa ba, akwai yara masu karantawa. Na kifa kai kan tebur na yi kuka mai isata. Da na gaji na tashi na wanke fuska, na tsallaka wajen Habsatu mai ƙanƙara, maƙwabciyarmu, na roƙe ta aron batirin fanonta mai zuƙar hasken rana da abin da ke juya wutar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙanƙarata za ta narke saboda aurenki?" Na ce in ta narke na sha ruwan. Ta yi tsaki ta kwance mini, mu biyu muka kinkimo shi muna nishi. A karo na biyu layin ya kai ƙarshe. Na zare kilen na ɗaure shi a bakin zanena, ƙulli biyu.

Da yamma na sami Gwaggo Ɗela tana tsince zogale a tsakar gida. Na durƙusa gefenta na zayyana mata komai. Ba ta gane rabin abin da na faɗa ba, amma ta gane inda maganar ta nufa. Ta karkaɗe zane ta shiga turakar Baba. Ina daga bakin murhu ina jiyo muryarta tana hawa tana sauka. Da ta fito sai ta ce, "Ubanki ya ce shi ba ya sayen kifi a cikin ruwa. A gabansa za a kashe ta, a gabansa za a tashe ta. Husaini zai yi, ke hannunki a baya. Ya ce kuma a kira yaron nan na Dungas ya tsaya, in abu ya ɓaci ya san da wa zai yi."

Kashe ta, wato formate, a shafe komai da gangan. Ban taɓa gwada kilen ba, don ba ni da wata ordinatar da zan gwada a kai. In ya ƙi, na rusa shago da hannuna ana tsakiyar kakar bukukuwa, katunan mutane jibge suna jira. Amma in na ce a'a, Lahadi tana tafe. Na ce, "Gwaggo, ki ce masa na yarda."

Husaini ne ya so ya ba ni ciwon kai. Na tare shi a zaure yana goge motonsa.

"Yaya, ni fa ba yaro ba ne," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "So kike ki kwance igiyar daga ƙafarki ki ɗaura a tawa."

"Ba zama za ka yi ba. Buga kati Jamila ƴar Kawu ta iya, ita za ta zauna. Kai ranar da ta tsaya kaɗai za a neme ka."

"Haka ake cewa da farko."

"Husaini, dube ni."

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jefar da tsumman ya ce, "Nuna mini abin da ake dannawa. Amma in ta fashe ba ruwana."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka hallara. Na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ganyen kuka, na ɗora farin hijabi, na zizara kwalli kaɗan, na kuma goge rabinsa don kada a ce na yi wa wani kwalliya gaban Baba. An shimfiɗa wa Baba darduma a cikin shago, ya zauna da farar jallabiya da tabaraunsa mai kauri. Gwaggo ta ja kujerar roba ta toshe ƙofa. Kawu Gajere ma ya zo, wai tun da shi ya sayo ta, shi zai yi mata salla in ta mutu. Ya zauna yana kaɗa makullin mota, ƙamshin turarensa ya cika wurin.

Sai ga Hanif. Shadda ruwan toka, sabon ɗinki, hula zanna ta zauna daram. Tun daga bakin titi ya tuɓe takalmi, ya shigo a sunkuye ya tsuguna can jikin bango, ya gaida Baba da murya ƙasa-ƙasa kamar ba shi ne mai cika mini kunne da bokal ba. Ko inda nake bai kalla ba. Ni ma ban kalle shi ba, sai dai na san maɓallin wuyan rigarsa na sama a ɓalle yake.

Baba ya dubi bango ya ce, "A ce wa mai shago ta kashe ta."

Na matsa gaban ordinatar. Ta tambaye ni ko na tabbata ina so in shafe komai. Shekarun da na yi ina raino ne za su tafi cikin dannawa ɗaya, kuma wallahi sai da na ji kamar in ce na fasa, a bar ni in tsufa a nan. Na runtse ido na danna. Da aka sake kunna ta, baƙin allo ne kawai da wani ɗan farin rubutu a sama.

"Ta mutu?" in ji Baba.

"Murus," in ji Kawu Gajere. "Allah ya ji ƙanta."

Na kwance bakin zanena na miƙa wa Husaini kilen, na koma bayan Gwaggo na harɗe hannuwa a baya. Ƙaton nan ya zauna kan kujerata yana zufa kamar wanda aka sa ya yi wa jariri wanka. Ya soka kilen a juye, ya ƙi shiga, ya gyara. Ya kunna, ya makara wajen danna maɓallin, baƙin allon ya dawo. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Ya sake kunnawa, wannan karon ya yi ta dukan maɓallin kamar mai kiɗan kalangu, shuɗin allo ya fito. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa. Daga imaj zuwa diski. Ya amsa mata e, ta sake tambaya, ya sake amsawa. Layin ya fara tafiya.

Kawu ya aika aka kawo shayi. Baba ya karɓi nasa ya ajiye bai sha ba. Ni kuwa babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa. Ana zuba shayi na biyu ordinatar ta yi ɗan kukanta, ta mutu, ta farka da kanta. Sai ga allona. Ga furannina, ga komai a mazauninsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"A buga wani abu," in ji Baba.

Husaini ya buɗe katin ɗaurin auren wasu mutanen Dogo-Dogo da ke jira, ya danna. Tsohon injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya turo takarda. Baba ya kai ta dab da tabarau, ya shafa Bisimillar da babban yatsa, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Ikon Allah." Gwaggo ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, ta tuna inda take, ta mayar da ita tari. Ni kuwa, ƴan uwa, a wannan lokacin har na ga kaina cikin lalle.

Da a nan aka tashi, da yau labarin daɗi nake ba ku.

Baba ya juya wajen Hanif, fuskarsa a sake. "Yaro, yi mini bayani yadda zan gane. Me ke cikin ɗan abin nan?"

Wannan ne karo na farko da Baba ya nemi jin ta bakinsa a kan wani abu, kuma na ga yadda daɗi ya kama Hanif. Ya gyara tsuguno ya ce, "Baba, kamar damin iri ne. In an yi girbi, akan zaɓi zangarniya mafi kyau a ɗaure a ajiye can saman rumbu, ba a taɓawa. Ko gona ta ƙone, in dai irin yana nan, sai a sake shukawa, hatsi iri ɗaya ya fito."

"Madalla," in ji Baba. "Yanzu na gane."

Makullin Kawu Gajere ya daina kaɗawa.

"Tsaya, ɗana," in ji shi. "Iri ai ba gona ɗaya ake shuka shi ba. Wannan abin, in aka soka shi a wata ordinatar, zai tsiro?"

Na ɗago da sauri. Na zuba wa Hanif ido, ina roƙon Allah ya sa ya kalle ni ko sau ɗaya. Ina! Kansa a ƙasa, ladabi ya hana.

"In dai irin wannan ce sak, Kawu, zai tsiro. Ko goma ne."

"Da furannin da komai?"

"Da komai. Sai dai lokaci-lokaci a sabunta shi, in an ƙaro sabon abu."

"Wa ke sabuntawa?"

"Wanda ya haɗa sistem ɗin, shi ya san..."

A nan ya tsaya. Ya gane, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kawu ya juya wajen Baba har yana tuntuɓe da harshe. Ashe lokacin da ya sayo tamu, guda huɗu ya ɗauko iri ɗaya, uku suna nan jibge a sitonsa, ya rasa mai saye don ba wanda ya iya shirya su. Ya ce ranar kasuwar Sassumbrum mutane har Magarya suke zuwa don hoton kati ɗaya. Ya ce Dogo-Dogo haka. A buɗe rumfa a can, a buɗe a can, a sa yara, Husaini ya riƙa zagayawa da moto. Mai shago kuma ta zauna nan tushe, ta koya wa yaran aiki, ta riƙa sabunta iri. "Shekara ɗaya kawai, Malam, abu ya kama ƙasa. Kai da ka ga yadda shanu suka ƙare, ka san gona ɗaya ba ta riƙe gida."

"Gajere, ka ji tsoron Allah," in ji Gwaggo. "Don a sallami yarinya aka yi wannan abu."

"Wa ya ce ba za a sallame ta ba? Aure ai ba ya ruɓewa."

Husaini ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon katin da ke hannunsa. Na san abin da yake aunawa, bakunan da ke gidanmu ne, da idonsa da ke ƙara dushewa. Can ya dubi bango.

"Yaro baƙo ne, yana iya faɗin abin da ya fi ƙarfin saninsa don ya faranta mana. A tambayi mai shago, ita ta haɗa abinta. Gaskiya ne zai shiga wata?"

Ƴan uwa, ku tsaya a inda na tsaya. In na ce ba zai shiga ba, Kawu ba shi da yadda zai gane, magana ta mutu, Lahadi a sa mini rana. Amma na mai da Hanif mai cika baki a gaban Baba, ranar farko da aka ba shi dama ya yi magana, kuma Baba ba ya manta irin wannan. Surukin da aka fara sani da ƙarya, da ita za a riƙa kallonsa har ya tsufa. In kuma na ce zai shiga, kun san sauran. Gwaggo ta waiwayo tana ƙifta mini ido har kamar zai faɗo. Hanif yana tsugune, ya damƙe gwiwarsa, zufa ta jiƙa wuyan sabuwar shaddar.

Na durƙusa. Na ce wa Gwaggo, don ita ake gaya wa, "Ki ce wa Baba gaskiya ya faɗa. Zai shiga."

Gwaggo ba ta maimaita ba, ba ta ma buƙata. Ta dai saki wani dogon numfashi ta ce, "Kayya, ƴar nan."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Gajere, gobe ka kira Malam Illo. Ka gaishe shi da kyau. Ka ce kada ya sha rana ranar Lahadi, a ɗan ƙara mana haƙuri zuwa baɗi."

"Wakili!" in ji Gwaggo.

"Ɗela, ba hana su na yi ba."

Ya dafa bango ya miƙe, Husaini ya miƙa masa takalmi. Hanif ya yi sallama da muryar da ban gane ba, ya fita da baya-baya. Ina jin tashin motonsa, sai da ya buga sau uku kafin ta kama.

Kawu Gajere ya zare kilen daga jikin ordinatar, ya ɗaga shi yana kallo yana murmushi kamar ya tsinci zinariya. Ya miƙo mini. "Ungo, ƴata, adana mana shi da kyau. Gobe zan sa a kawo miki sauran ukun ki fara."

Na sa hannu biyu na karɓa. Na ce, "To, Kawu."

Kowa ya watse, aka bar ni da kofunan shayi. Ina tattara su wayata ta yi ƙara a cikin hijabi. Ba bokal ba ne wannan karon, rubutu ne, gajere.

"Ruma, na tsaya a bakin gari, na kasa tafiya. Tun jiya Baffa ya sayi goron. Me zan je in ce masa?"